Talibambam a Cikin Gilashi: Ina Haƙƙin Dabba?

 

'Yan uwana matasa, akwai wani yayi da ke ɗaukar hankalin wasunku a Facebook da TikTok, wato ajiye kifin ado a akwatin gilashi, musamman talibambam, kifin nan da ke kumbura ya zama tamkar ƙwallo. Ina rubutu ne daga Makoda, kuma magana ɗaya nake tafe da ita: mafi yawanmu a nan ba mu da ikon riƙe wannan halitta, kuma tsare ta ba tare da wannan iko ba zalunci ne, ko da an kira shi wayewa.

Na san amsar da za a ba ni: "Ai halal ne." Ban musa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) bai hana shi ba, har ma ya tambaye shi labarin tsuntsun. Daga nan malamai suka fahimci halaccin ajiye dabba a gida, don haka masu gaggawar cewa haramun ne su ma sun wuce gona da iri. Sai dai littattafan nan biyu su ne suka kawo labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Don me za a haddace hadisin farko a mance da na biyu?

To, bari mu duba abin da ake son tsarewa. Talibambam ɗan gida ne: yana rayuwa a kogin Neja, da Tafkin Chadi, da kogin Nilu, masunta sun san shi tun kaka da kakanni. Masana suna kiransa Tetraodon lineatus, sunan da Linnaeus ya ba shi a 1758. Wanda ake sayar maka kamar ɗan yatsa jariri ne. Idan ya samu kulawa yakan kai santimita 40, yakan kuma yi shekaru goma a duniya. Masu kiwonsa sun yi ittifaƙi cewa babba guda yana buƙatar akwati mai cin lita 450 ko fiye, wato jarka 18 ta mai ruwa. Kowane mako kuma sai an sauya kashi ɗaya bisa uku na ruwan, jarka shida ke nan. A garin da ake layi a bakin burtsatse da rani, wa zai ɗauki wannan nauyi shekara goma? Kai, ko ƙannenka mata da za a ɗora wa ɗiban ruwan?

Ruwan ma ba shi kaɗai ba ne. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama sinadarin amoniya, wanda ke ƙona matsattsar numfashinsa. Abin da ke kawar da wannan guba shi ne wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune cikin na'urar tace ruwa, su kuwa ba sa rayuwa sai ruwa yana gudana dare da rana. In wuta ta ɗauke ta daɗe, sai su fara mutuwa, iskar ruwan ta ragu. Talibambam ba shi da ɓawon jiki irin na karfasa, saboda haka yana saurin jin ɓacin ruwa. Yana son ɗumin da bai yi nisa da digiri 24 zuwa 28 ba, alhali mun san sanyin asubahin hunturu, mun kuma san zafin Afrilu a ɗakin kwano. Kowa ya san halin wutar lantarki a karkararmu. Wanda ke kai wayarsa shagon caji, da me zai kunna famfon iska?

Sannan ga baki. Haƙoransa huɗu ne, sun haɗe kamar bakin aku, kuma ba sa daina girma. A kogi, dodon koɗi da ƙaguwa da yake fasawa su ne ke rage musu tsawo. In aka riƙa ba shi abinci mai laushi, haƙoran za su yi tsawo har ya kasa buɗe baki, ya mutu da yunwa abinci na gabansa. Ba ya kuma zama da kowa. Duk kifin da ka haɗa shi da shi, sai ka tarar da gunduwarsa.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne bidiyon da ake yi ana cire shi daga ruwa, ana tsokanarsa don ya kumbura a yi dariya. Subhanallah! Kumburin nan ba wasa ba ne, tsoron mutuwa ne. A cikin ruwa, ruwa yake haɗiya. A waje kuwa iska ce, wadda wani lokaci yake kasa fitarwa har ta kashe shi. Mai ɗauka da mai yaɗawa su tambayi kansu: razana bayin Allah marasa baki don neman mabiya, a wane babi na ihsani yake?

Kada kuma a manta da yara a gida. Da yawa daga dangin wannan kifi suna ɗauke da dafi a fata da kayan ciki, wanda dahuwa ba ta kashewa. Shi ya sa a Japan ba a barin kowa ya gyara ɗan uwansa na teku, fugu, don sayarwa sai mai lasisi.

Wanda ke da sola mai ƙarfi, da ruwa wadatacce, da hanyar samun dodon koɗi duk shekara, ba da shi nake ba. Sauranmu kuwa, ga tantabara da iyayenmu suka san sirrinta, tana fita kiwo ta dawo da kanta. Mai son kifi lallai, ya je ya koyi kiwon tarwaɗa a wurin masu kududdufi, ko ya zauna da masuntan madatsar ruwa ta Tomas a yankin Dambatta ya ji yadda ruwa yake.