Tsohon Faifai Shi Ne Zai Shiga Sabuwar Kwamfuta A Ƙarshe

Haɗa kwamfutar tebur da hannu ya daina zama aikin ƙwararru su kaɗai. Matashin da ke da waya da ɗan data zai iya kallon bidiyo a YouTube, ya aika a sayo masa kaya daga Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko daga Computer Village da ke Ikeja, direba ya kawo masa kwalin har tashar Gummi ko Anka. Masu yin haka a wannan yanki galibi neman abinci suke yi da ita: masu shagon buga takardu da cike fom, masu ɗaukar hoton biki, masu tura wa'azi da fina-finai a waya, da masu haɗa bidiyo. Kusan kowannensu yana da tsohuwar kwamfuta da ta gaji, a cikinta kuma akwai faifan ajiya mai ɗauke da aikin shekaru.

A nan ake tafka kuskuren da ya fi kowane tsada. Ana gama ɗaure kaya sai a zaro tsohon faifan, a jona shi a sabuwar, a danna maɓalli, ana fatan Windows ta tashi kamar yadda ta saba. Wannan ɗabi'a ta cancanci a bar ta. Tsohon faifai shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya shiga sabuwar kwamfuta, shi ma sai bayan an kwafe abin da ke cikinsa. Idan madabod, wato babban allon da komai ke hawa a kansa, ya ƙone, kuɗi ne zai sayo wani. Hotunan ɗaurin auren da aka yi a Nasarawar Burkullu shekara 6 da suka wuce kuwa, babu kasuwar da ake sayar da su.

Kwamfutar ta fara nuna lafiyarta tukuna

Da wuya kwamfutar da aka haɗa a gida ta tashi lafiya lau a dannawar farko, kuma wannan ba abin tayar da hankali ba ne. Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin: mafi yawan lokuta ƙaramin abu ne. Ko dai RAM bai zauna daram ba, domin sai an danna shi har maƙallansa sun yi ƙas, ko kuma an sa guda biyun a ramukan da ba su ba. A yawancin madabod mai rami 4, na biyu da na huɗu ake fara cikewa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. Wani kuma ya jona babbar wayar wuta mai haƙora 24, ya manta da ƙaramar mai haƙora 8 da ke can saman allon, wadda ita ce ke ciyar da furosesa.

Akwai kuma wanda zai sa katin hoto mai tsada, sannan ya soka wayar monita a bayan madabod maimakon jikin katin. Idan furosesarsa ta Intel ce mai harafin F a ƙarshen lambarta, ko alamar hoto ba zai gani ba, domin irinta ba ta da sashen nuna hoto a cikinta. Sabbin kwamfutoci masu RAM na DDR5 kuma kan ɗauki mintuna a tashin farko suna daidaita kansu, allo ba komai. Mai gaggawa sai ya kashe, ya kunna, ya sake kashewa.

Wannan kashe-kunna ɗin shi ne dalili na farko na ajiye tsohon faifai a gefe. Faifan HDD yana da farantai a ciki masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da allura mai shawagi a samansu. Wanda ya shekara 7 yana aiki cikin zafin bazara da ƙurar hunturu ba ya buƙatar a yanke masa wuta sau 20 a yini guda saboda ana neman inda matsala take. Ga kuma haɗarin wayoyin fawa fak. Irin wanda ake cire wa wayoyi a mayar, wayar wani kamfani kan shiga ramin na wani kamfani daidai wa daida, amma tsarin wutar cikinta daban. Wanda ya ɗauko wayar tsohon fawa fak ya jona a sabo zai iya ƙona faifai cikin ƙiftawar ido.

Don haka gwajin farko a yi shi da abin da ya zama dole kawai: madabod, furosesa da fankarta, RAM guda ɗaya, da monita. In an ga shafin BIOS, an tsallake babban rami. Littafin madabod ɗin kuma a sauke shi a waya tun da wuri, domin a ciki ne ake rubuta abin da bidiyo ba ya faɗa. Misali, a wasu allunan, da zarar an sa SSD a ramin M.2, wasu daga cikin ramukan SATA kan daina aiki. Faifai mai lafiya sai ya ƙi bayyana, a ce ya mutu, alhali rami kawai za a sauya masa.

Me ya sa tsohuwar Windows ke ƙin tashi?

Tsofaffin kwamfutoci da yawa, musamman waɗanda suka taso da Windows 7, sun tsara faifansu da tsarin MBR, wanda ba ya iya amfani da abin da ya haura terabayit 2 a faifan yau da kullum. Sababbin madabod kuwa da UEFI suke tashi, suna neman faifai mai tsarin GPT. In aka jona tsohon, ko dai kwamfutar ta yi kamar ba ta gan shi ba a jerin abin da za ta tashi da shi, ko ta jefo shuɗin allo mai rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Akwai dabaru, kamar kunna CSM a BIOS, ko amfani da manhajar MBR2GPT da Microsoft ta sanya cikin Windows 10 tun 2017. Suna aiki. Amma juya tsarin faifai aiki ne da ake yi a kan ainihin taswirar da ke nuna inda kowane fayil yake, kuma wanda ya yi shi ba tare da kwafi ba, a garin da wuta ke iya ɗaukewa kowane lokaci, caca ya yi da dukiyar mutane.

Ko da ta tashi ma, me aka samu? Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma tana neman UEFI da TPM 2.0, abubuwan da sabon madabod ke da su. Mutum ya kashe dubban ɗaruruwan naira, sannan ya ɗora wa sabuwar kwamfuta tsohuwar babbar manhaja da tarkacen shekaru, a kan faifan da gudunsa bai fi megabayit 100 zuwa 200 a daƙiƙa ba, alhali SSD na SATA na kai wa kusan 550, na NVMe kuma ya haura 3,000. Tamkar a sayi sabon babur ne a ɗaura masa tayar amalanke.

Hanyar da ta fi ita ce a sa sabuwar Windows a kan sabon SSD, ta filas mai gigabayit 8 ko fiye, kuma a tabbata babu wani faifai da ke jone a lokacin. Wannan sharaɗin na ƙarshe mutane ke rainawa. In tsohon faifai na ciki, manhajar girkawa kan iya ajiye fayilolin tashi a kansa, ta zuba sauran Windows a sabon. Komai zai tafi daidai har ranar da tsohon ya mutu ko aka cire shi, sai sabuwar kwamfuta ta ƙi tashi, a rasa dalili. Ga kuma shafin zaɓen faifai, inda ake jero su da lamba kawai, Drive 0 da Drive 1. Kuskuren layi ɗaya a nan ya isa ya share komai.

Bayan Windows ta zauna, sai a kashe, a zare wuta, a jona tsohon faifan a matsayin na biyu, ko kuma ta ƙaramin kebul mai mayar da SATA zuwa USB. Abu na farko shi ne duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa yana bakin kabari. In aka ga rawaya, ko aka ji yana ƙas-ƙas, a fara kwashe mafi muhimmanci: takardun kwastomomi, hotuna, ayyukan da ba a kammala ba. Fina-finan Indiya su jira, ana samun su a shagon maƙwabci.

Wani lokaci Windows kan fito da ƙaramin akwati tana cewa sai an yi wa faifan fomat kafin a yi amfani da shi, ko kuma Disk Management ya nemi a tsara shi kamar sabo. Amsar ita ce a'a, ko sau nawa ta tambaya. Sau da yawa taswirar ce ta rikice, kayan na nan, kuma manhajojin TestDisk da PhotoRec na kyauta kan iya ceto su, muddin ba a rubuta wani abu a kai ba. Haka abin yake ga memorin waya, ga wanda ya taɓa ganin irin wannan saƙo.

Sai maganar BitLocker. Faifan da aka cire daga kwamfutar da ta kulle shi zai nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi ke ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita ta. Wanda bai san imel ɗin ba, ko kuma mai gyara ne ya buɗe masa da nasa, gara ya binciki wannan tun tsohuwar kwamfutar na numfashi. Ba tare da mabuɗin ba, babu gwanin da zai buɗe shi a Kano ko Legas.

Masu cewa ɓata lokaci ne

Suna da hujja. Mai shago a Bukkuyum da ke da manhajojin da ya sha wahala kafin ya girka, ga direban firinta da aka nemo da ƙyar, zai ce sake komai daga farko kwana biyu ne ba ciniki, ga kuɗin data, tunda fayil ɗin Windows 11 kaɗai ya haura gigabayit 5. Zai fi so ya kwafe faifan ɗungurungum zuwa SSD da manhaja irin Clonezilla, ya ci gaba. Kuma gaskiya ne Windows ta yanzu ta fi ta da iya sabawa da sabon madabod. In zai yi hakan, to ya yi a cikin tsohuwar kwamfutar, ya kai kwafin sabuwar, ya bar na asalin a aljihun tebur. Duk gwajin da za a yi, a yi shi a kan kwafi. Ya kuma sani lasisin Windows da ya zo tare da tsohuwar kwamfutar daga kamfani a ɗaure yake da madabod ɗinta, ba ya bin faifai.

Wasu kuma za su ce a tura komai intanet a huta. Google Drive na bayar da gigabayit 15 kyauta, wanda bidiyon biki ɗaya zai iya cinyewa. Mutanen Zamfara kuma sun san abin da sauran ƙasar ba ta sani ba. A farkon Satumban 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su rufe layuka a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Wanda kwafinsa ɗaya tilo ke intanet a lokacin, ko mabuɗin BitLocker ɗinsa, ya zauna makonni ba ya iya taɓa kayansa. Mabuɗin nan a rubuta shi da biro a takarda.

Ajiye kwafi biyu a ɗaki ɗaya ma bai wadatar ba. Ambaliyar da ta auka wa Gummi a watan Agustan 2024 ta shafi dubban gidaje, kuma ruwa in ya shiga shago ba ya bambance kwamfuta da faifan da ke ajiye a ƙarƙashinta. Masu ɗaukar hoto a duniya na bin wata ƙa'ida da Ba'amurke Peter Krogh ya yaɗa: kwafi 3, a kan na'urori iri 2, guda 1 a wani wuri daban. A yankin da mutane kan bar gida ba shiri saboda 'yan bindiga, wani wurin daban na iya zama gidan ɗan'uwa a Gusau ko Sakkwato, ko ƙaramin faifan waje da ke shiga aljihu.

A lissafin kuɗi ma ya kamata wannan ya fito. Matasa kan ware kaso mafi tsoka ga katin hoto da fankoki masu walƙiya, su bar fawa fak a sayo mafi arha. A inda ake sauyawa tsakanin wutar NEPA, janareto da sola a yini ɗaya, fawa fak mai inganci da UPS sun fi fitilu bakwai amfani, ko da UPS ɗin minti 10 kawai zai riƙe a kammala kwafi a kashe. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya rage girman katin hoton, ya sayi faifan waje.

Tsohuwar kwamfutar kuma kada a yi gaggawar rabuwa da ita. A bar ta wata ɗaya ko biyu, har a tabbatar babu abin da aka manta. In za a sayar da faifan, a goge shi da cikakken fomat, ba mai saurin ba, domin a ciki akwai lambobin NIN da hotunan fasfo na mutanen gari. Allunan da suka mutu kuwa kada a bari yara su ƙona su don neman tagulla. Tsofaffin alluna da dama da dalma aka liƙe su, kuma Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma daga dutsen zinare ta kashe ɗaruruwan yara a 2010 a ƙauyuka irin Dareta, Abare da 'Yargalma, ba sa buƙatar wani ya yi musu bayanin illarta. A tara su a buhu, a miƙa wa masu sayen kayan gwangwan yadda suke.