Nana Asma'u da Darasin Waƙa

'Yan'uwana ɗalibai, ina da wata magana a kan darasin waƙa. Lokacin da nake makarantar mishan mun haddace waƙoƙin Turawa da yawa, har na iya kawo su ba gargada, amma ban taɓa jin sunan Nana Asma'u ba sai da na zo nan Yelwa. Wannan abu ya ba ni kunya ƙwarai.

An haife ta a Degel cikin 1793, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ce, watau malamin Yakubu wanda ya kafa garin nan namu na Bauchi. Ta auri Giɗaɗo, Wazirin Sakkwato, ta rasu cikin 1864. Ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ita ta juya waƙar mahaifinta zuwa Hausa, wadda ake kira Tabbat Haƙiƙa.

To, amma abin da ya fi kama hankalina shi ne dabararta ta koyarwa. Matan ƙauye ba su da damar barin gidajensu, saboda haka ta zaɓi dattijai mata, aka kira su jajoji. Takan ba kowace jaji malfa da jan rawani, ta koya mata waƙa, ita kuwa ta koma ta koya wa sauran mata. Su ne 'Yan Taru. Ba allo, ba benci, ba ƙararrawa, ga shi kuwa karatu ya kai inda mu da takardunmu muke jin ƙyuyar zuwa. Ashe abin da muke koyo a nan, koyar da masu koyarwa, ta riga mu yinsa tun tuni.

Wani zai ce ai waƙoƙinta na addini ne, ni kuwa ba Musulmi ba ne. Gaskiya ne. Amma da na je gwajin koyarwa a wani ƙauye, wani uba ya ce mini karatun 'ya mace al'adar Nasara ce, zai cire 'yarsa. Na rasa ta cewa. Da na san labarin Asma'u a ran nan, da na sami abin faɗa masa daga cikin gidan Shehu kansa.

Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara ayyukanta sun buga cikin 1997. Ina roƙon hukumar kwalejin nan ta sa mana su cikin darasin Hausa kafin mu sake fita gwaji.