Zara Matar Wata: A Aika Na'ura, Kada A Aika Mutum

Babu yaron da bai san Zara ba, tauraruwar nan mai haske da kan fito yamma bayan faɗuwar rana. In da asuba ta fito Gamzaki ake ce mata, Larabawa kuwa suna kiranta Zuhura. A hakika duniya ce irin tamu mai kewaya rana, girmanta kaɗan ya rage ya kai na tamu, kuma babu wata duniya da kan matso kusa da mu kamarta.

A da waɗansu masana suna zaton akwai tekuna da dausayi a ƙarƙashin gizagizanta. Kumbon Amurka, Mariner 2, da ya gifta ta kusa da ita cikin Disamba 1962, ya taimaka wajen rushe wannan zato. Yanzu an san zafin ƙasarta ya haura digiri 460, watau ya wuce wanda ke narkar da dalma. Nauyin iskarta ya ninka na tamu sau 90, kamar mutum ya nutse mita 900 cikin teku. Gizagizan nan kuwa da ke sa ta ƙyalli na ruwan batir ne.

Rashawa su suka fi kowa naci a kanta. Kumbonsu Venera 4 ya yi shiru a 1967 tun bai kai ƙasa ba. Venera 7 ya sauka ran 15 ga Disamba 1970, ya yi minti 23 yana aiko da saƙo, sa'an nan ya mutu. Venera 9 ya aiko da hoton farko a 1975. Venera 13 ya yi minti 127 a 1982, har wa yau ba a sami wanda ya fi shi daɗewa ba. Wani da suka harba a 1972, Kosmos 482, ko hanya bai kama ba, ya yi ta kewaya duniyarmu shekara 53 kafin ya faɗo cikin Mayu 2025.

To, mai karatu ya iya tambaya, ina amfanin zuba dukiya a kan na'urar da da ƙyar take wuce awa biyu? Tambaya ce mai kyau, amma ga amsa. Gizagizan Zara suna mayar da wajen kashi uku cikin huɗu na hasken rana, duk da haka ta fi duniyar da ke dab da rana zafi. Dalili shi ne kashi 96 cikin 100 na iskarta irin wadda ke fita ce in an ƙona gawayi ko man fetur. Wannan iska takan bar haske ya shiga, ta hana zafi fita. Mu kuwa kullum ƙara ta muke yi a samanmu. James Hansen, wanda ya gargaɗi majalisar dattawan Amurka a 1988 cewa duniya tana ɗumama, da binciken Zara ya fara aikinsa. A ganinmu wannan kaɗai ya isa ya biya kuɗin kumbunan.

Aika mutum kuwa wata magana ce dabam. Waɗansu injiniyoyin Amurka sun zana shirin sa mutane cikin balan-balan su yi shawagi kilomita 50 bisa ƙasarta, inda nauyin iska ya yi daidai da namu. Mu ba mu goyi bayan wannan ba. In balan-balan ta fashe babu wurin sauka, babu mai kai gudummawa. Ai kumbon Magellan, ba tare da kowa a ciki ba, ya zana taswirar kashi 98 cikin 100 na ƙasarta tsakanin 1990 da 1994.

Akwai kuma haɗarin gaggawa. A 2020 waɗansu masana suka ce sun ga alamar iskar fosfin a gizagizanta, jaridu suka ɗauka da ihu wai an gano rai. Da waɗansu suka sake duba lissafin, sai gardama ta tashi.

Muna roƙon kwalejojin horon malamai su sa labarin Zara cikin darasin labarin ƙasa, tare da waɗannan adadai. Malami ba ya bukatar madubin hangen nesa, sai dai ya fito da yaransa fili da magariba ya nuna musu ita.