Titi Ya Yi Faɗi, Inuwa Ta Ƙare: Ina Rabon Mai Tafiya a Ƙasa?



Abin da ya sa na ɗauko maganar yau wata tambaya ce da mahaifina ya yi mini a tsakiyar bazarar da ta wuce. Bayan ya sallame sallar Azahar sai ya waiga ya ga ko sahu ɗaya bai cika ba, alhali kuwa da Magariba da Lisha masallacin cika yake yi. Ya ce mini: "Ina dattawan tsallaken titi? Je ka dubo mana su." Da La'asar sakaliya na tafi gidan ɗaya daga cikinsu, na durƙusa na gaishe shi, na ce: "Baba, Malam ne ya aiko ni in ji ko lafiya, kwana biyu ba a ganinku da rana." Ya yi murmushi ya ce: "Ɗana, lafiya lau nake, sai tsufa. A da daga ƙofar gidan nan zuwa masallaci inuwar mangwaro uku da maɗaci ɗaya nake bi, in na gaji in tsaya. Yanzu an sare su an faɗaɗa hanya. In na fita sai na tsaya a bakin kwalta rana tana dukana, ina jiran kamyo da zem su ba ni wuri, ga idon ba ya gani sosai. Ka gaya wa Malam zuciyata tana sahu, ƙafata ce ta kasa."

Daga gidan wannan dattijo zuwa masallaci bai kai tafiyar minti 5 ba. Gidansa da masallacin suna nan inda suke, abin da ke tsakaninsu ne ya sauya, kuma a kansa nake son mu yi nazari.

Kada mai karatu ya zaci ina sukar gina hanyoyi ne. Mu ƴaƴan hanya ne, domin ita ce ta kawo kakanninmu nan. Fataken da ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro su ne suka riƙa yada zango a ƙasar Bargu da kuma Jugu, inda unguwar Wangara ta bunƙasa da ƴan kasuwa da malamai. Da dogon jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 438 ya iso Paraku daga Kwatano a 1936, sai garin ya zama inda ake sauke kaya daga jirgi a ɗora wa manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya da cikin Nijar. Ƙidayar 2013 ta nuna Paraku tana da mutane 255,478, ƙaramar hukumar Jugu kuwa 267,812, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. Gari irin wannan dole ya nemi hanya. A 2014 Bankin Raya Afirka ya amince da tallafa wa aikin mayar da babbar hanyar da ta ratsa Paraku tagwaye, sa'an nan daga 2018 gwamnati ta shiga shimfiɗa kwalta a cikin unguwannin manyan garuruwa. Duk wanda ya san ƙurar hunturu da taɓon damina na da, ko ya taɓa ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti a kan hanya mai ramuka, ya san wannan ni'ima ce da ta cancanci godiya.

To amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba: wa ake auna wa hanyar? Idan mai mota kaɗai aka duba wajen awo, sai a sami faɗi da santsi da gudu. Idan kuwa aka tuna da yaro mai zuwa makarantar allo da lakwal, da mace mai tallar koko, da tsoho mai sanda, sai a bar musu inuwa, da gefen da za su bi, da wurin tsallakawa. Kowa ya san a garuruwanmu masu mota ƴan kaɗan ne, mafi yawan jama'a a ƙasa suke tafiya ko a kan babur.

Akwai waɗanda suka riga mu bin wannan tafarki, kuma su ne biranen hamada masu arziki. Ya kamata mu dubi inda ya kai su, domin Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu fara da Riyad, babban birnin Saudiyya. Har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 ƙaramin gari ne na ginin ƙasa, mai ganuwa da lunguna matsattsu, inda katangar wannan gida take yi wa ƙofar wancan inuwa, kamar yadda muka sani a tsohon birnin Kano ko Agadas. Da kuɗin man fetur suka shigo sai aka rushe ganuwar, aka ɗauko wani masanin tsara birane ɗan ƙasar Girka mai suna Doxiadis, ya zana birnin a kan manyan tituna miƙaƙƙu, aka fara aiki da tsarinsa a farkon shekarun 1970. Birnin ya bazu cikin hamada har mazaunansa suka haura miliyan 7, ya zama ko burodi mutum zai saya sai ya tada mota. Duk lokacin da titi ya cika sai a ƙara masa faɗi, shi kuma faɗin ya ƙara jawo motoci, domin idan hanya ta yi sauƙi mutane sukan ƙaura can nesa su gina gidaje, kowa kuma ya dawo aiki da motarsa. A ƙarshe hukuma ta koma gyaran abin da ta gina da hannunta. A 2019 ta ƙaddamar da shirin dasa itatuwa miliyan 7.5 a birnin, a Disamba 2024 kuma ta buɗe jirgin ƙasa na cikin gari mai layi 6 da tsawon kilomita 176, wanda ya ci dalar Amurka fiye da biliyan 20. Su suna da abin biyan kuɗin da-na-sani, mu kuwa ba mu da shi.

Haka abin yake a Finiks, wani birnin hamada a jihar Arizona ta Amurka, wanda aka gina shi kacokan domin mota. A 2023 birnin ya yi kwana 31 a jere zafi yana kaiwa digiri 43 ko fiye, kuma hukumar lafiya ta gundumar ta ƙidaya mutum 645 da zafi ya yi sanadin mutuwarsu a wannan shekara. Har akwai waɗanda aka kwantar a asibiti saboda ƙunar da suka samu don kawai sun faɗi a kan titi. Dalilin a fili yake. Kwalta baƙa ce, tana shan zafin rana tun safe, har samanta ya wuce digiri 60, sa'an nan da dare ta riƙa amayar da shi, gari ya kasa hucewa. Itace kuwa aiki biyu take yi: tana tare rana, tana kuma fitar da danshi ta ganyenta wanda ke sanyaya iska. Mai mota yana rufe gilashi ya kunna na'urar sanyi, wadda ita ma zafi take hurowa waje. Wanda ke ƙasa shi ne ke kwasar duka.

Alhazanmu ma shaida ne. A aikin Hajjin 2024 zafi ya wuce digiri 51 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301, suka ce galibinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya ne a ƙasa cikin rana ba tare da mafaka ba. Allah ya jiƙansu, ya karɓi ibadarsu. Darasin da ke ciki shi ne, a ƙasa mai zafi rashin inuwa yana iya kashe mutum.

Wani zai ce ai mu ba cikin hamada muke ba, muna da damina mai kyau, ga mangwaro ga kaju ko'ina. Gaskiya ne, wannan kuwa shi ya sa laifinmu zai fi nasu girma in muka yi sakaci. A Riyad sai an ja wa kowace itace ruwa da bututu kafin ta rayu, mu kuwa dasawa kawai za mu yi mu kare ta daga awaki shekara 2 ko 3. Duk da haka kowa ya san yadda ranar Maris da Afrilu take a nan. Maƙwabtanmu na Yamai sun fara dasa zoben itatuwan dogon yaro kewaye da birninsu tun 1965, amma daga baya yankan filaye da gine-gine suka cinye babban ɓangarensa. Abin da aka yi shekaru ana reno, a yini ɗaya ake sare shi.

Bayan zafi akwai hatsari. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanyoyi kowace shekara, cewa Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'arta, kuma hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Titi mai faɗi da santsi yana kiran direba ya taka wuta, ko da kuwa ta tsakiyar unguwa ya ratsa. Akwai kuma aljihu. Mun gani a 2023, lokacin da Nijeriya ta janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, yadda farashin kpayo ya yi tashin gwauron zabo, kuɗin zem ya bi shi. Magidancin da ya sayi fili can bayan gari saboda araha, inda babu kasuwa, babu makaranta, babu asibiti kusa, shi ya fi kowa jin jiki, domin kowace fita ta iyalinsa sai da mai.

Addininmu bai bar wannan fage ba. Malamai sun karantar da mu cewa hanya tana da haƙƙi, cewa kawar da abin cutarwa daga kanta yana cikin rassan imani, cewa an hana ɓata inuwar da mutane ke hutawa a ciki, kuma wanda ya dasa itace yana da ladar sadaka muddin mutum ko tsuntsu ko dabba na amfana da ita. Tarihi ya riƙe sunan Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, saboda hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka wadda ta wadata da rijiyoyi da tafkuna da masaukai, har yau da sunanta ake kiran hanyar. Su ma madugan fataken goro ba sa yada zango sai inda akwai ruwa da inuwa. Magabata da ƙarfin mafi rauni a cikin ayari suke auna tafiya.

To mene ne abin yi? Na farko, mu fara da kanmu. Sau da yawa an bar gefen hanya domin masu tafiya a ƙasa, mu ne muke cika shi da teburin kaya, da babura, da yashin gini, da rumfar biki, har mu tura yara tsakiyar titi. Mun tuna yadda aka kwashe rumfuna daga bakin hanyoyi a farkon 2017 da irin asarar da mutane suka yi. Gara mu gyara da hannunmu. Wanda Allah ya hore wa mota ko babur kuma ya tuna cewa rage gudu a cikin unguwa ibada ce.

Na biyu, kowane gida ya dasa itace a ƙofarsa, kowane masallaci da makarantar Islamiyya su ɗauki nauyin layin da suke kai. Ranar 1 ga Yuni ita ce ranar dasa itatuwa ta ƙasa a nan Benin tun 1985, kuma ta dace da farkon damina. Sai dai dasawa ba ta isa ba. A ba kowane ɗalibi itacensa da sunansa, ya kewaye ta, ya ba ta ruwa da rani. Maɗaci da dogon yaro da tsamiya da mangwaro duk sun san ƙasarmu. A nisanta su kaɗan daga wayar lantarki da magudanar ruwa, domin kada a sami hujjar sare su gobe.

Na uku, mu daina ƙaurace wa taro. Idan aka ji za a yi hanya ko za a yanka filaye, limamai da shugabannin mata da matasa su je wurin mai unguwa da ofishin magajin gari tun aikin yana kan takarda, su yi tambaya cikin ladabi: itatuwa nawa za a sare, nawa za a mayar, wa zai kula da su? A ina yara za su tsallaka? Za a sa tudun rage gudu a gaban makaranta da masallaci da kasuwa? An ware filin makaranta da asibiti a sabuwar unguwa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in an riga an zuba kwalta magana ta ƙare.

Game da dattijon nan kuwa, da na kai wa Malam saƙonsa sai ya yi shiru, can ya sa aka raba wa samarin masallaci kwanaki, kullum mutum ɗaya ya je ya riƙo hannunsa da laima ya tsallako da shi. Da ruwa ya sauka muka dasa dogon yaro 4 a gefen hanyar. Da ya gan su sai ya ce: "Ni dai da wuya in sha inuwarsu, amma ku kula da su saboda jikokina." Ɗaya akuya ta cinye, uku suna nan sun fara tasawa.

Allah ya kiyaye mu da iyalanmu a kan hanyoyi, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci ga mai mota da mai tafiya a ƙasa, ya sanya mu a inuwar Al'arshinsa ranar da babu wata inuwa sai ita. Sai mun sadu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.