Yaro ba ya zaɓen direbansa

A daren Asabar, idan aka tashi daga wuraren shaƙatawa na Yamai, ko na Maraɗi da Damagaram, akwai abin da masu gadi da masu shayi na bakin titi suka saba gani: magidanci ya fito yana tangaɗi, ya lalubo makulli, ya tada mota ko babur. Wani lokaci ba shi kaɗai zai isa gida ba. Zai biya ya ɗauko uwargida daga wurin biki, ko ƴaƴa daga gidan kakarsu, biyu a kujerar baya, ko ɗaya zaune bisa tankin babur. Kowa ya gani, ba wanda ya ce uffan, domin a inda shan giya yake abin kunya, an fi jin nauyin ce wa mutum ya sha, a kan tsoron abin da zai aikata da mota.

Maganar haramcin giya ta malamai ce, kuma sun daɗe suna yin ta. Abin da ya shafi hukuma da sauran jama'a yana farawa ne daga lokacin da wanda ya sha ya kama sitiyari. Fasinjan tasha yana iya duban idon direba ya fasa tafiya. Yaro ɗan shekara shida ba shi da wannan dama: ubansa ya ce shiga, ya shiga, da cikakkiyar amincewa cewa ba inda ya fi nan tsaro a duniya.

Masu wannan hali suna da amsa guda: sun san kansu, kwalba ɗaya ko biyu ba ta yi musu komai. Lissafi bai goyi bayansu ba. Babbar kwalbar giya mai santilita 65 tana ɗauke da kimanin giram 26 na sinadarin da ke bugarwa, abin da ya isa ya kai mutum mai nauyin kilo 70 kusa da rabin giram a kowace litar jini. Wannan rabin giram shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashe su sa wa direbobi, kuma shi ne iyakar da Faransa take aiki da ita tun 1995. Kwalba ta biyu ta wuce gona da iri. Hanta kuma ba ta gaggawa: sai an yi sa'o'i kafin ta tace abin da aka sha cikin mintoci. Goro, shayi mai ɗaci ko wanke fuska da ruwan sanyi suna iya buɗe ido, amma ba su rage komai a cikin jini.

Motar da ke gudun kilomita 90 a sa'a tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Idan giya ta jinkirta ƙafar direba da rabin daƙiƙa kawai, motar ta ƙara fiye da mita 12 kafin a taɓa birki. Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta ratsa Dosso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙwanni zuwa Maraɗi cikin dare ya san abin da ke iya kasancewa cikin waɗannan mita 12: amalanke marar fitila, garken awaki, ko kamiyon da ya lalace aka jera masa ganye a maimakon alama. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 a shekara, shi ne kuma kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara.

Bayan haɗari sai a ce ƙaddara ce. Babu mai jayayya da ƙaddara, amma ba a taɓa jin ɗan kasuwar da ya bar shagonsa a buɗe ya kwana, da hujjar cewa abin da aka rubuta ba ya kuskure ba. Wanda ya san ya kulle shago saboda hajarsa, ya san ya ajiye makullin mota saboda ƴaƴansa. Sai kuma kamun ƙafa ya biyo baya: kafin gari ya waye dangi sun cika komisariya ko ofishin jandarmomi, wannan ya kira abokin karatunsa, wancan ya aika wa wani babba, ana roƙon a rufa asiri tunda mai iyali ne. Ga shi kuwa iyalin nan da ake kafa hujja da su, su ne ya jefa cikin halaka. Tun Taron Ƙasa na 1991 ake maimaita cewa kowa daidai yake a gaban doka. Muddin ɗan kabu-kabu zai kwana a tsare, babban ma'aikaci kuwa ya kwana a gidansa kan laifi iri ɗaya, maganar ba ta wuce fatar baki ba.

Ya kamata mai gida ya san abin da ke jiransa idan aka bar doka ta yi aikinta. Tuƙi cikin maye laifi ne ko da ba a taɓa kowa ba. Idan aka ji wa wani rauni ko aka yi rashin rai, shari'a ce ta kisa ko rauni ba da niyya ba, mai iya kai mutum gidan kaso, ga tara, ga janye permi. Hukuncin kan shiga takardar shaidar shari'a, wadda ake nema wajen jarrabawar shiga aikin gwamnati. Inshorar tilas ta mota, a ƙarƙashin dokar CIMA da ƙasashen yankin suka kafa da yarjejeniyar Yawunde ta 1992, tana biyan waɗanda aka cuta, amma ba ta biyan direban kansa. Ma'aikacin da ya karye, ko ɗan kasuwar da ya kwanta wata shida, shi da iyalinsa ne za su ɗauki nauyin. Akwai kuma hukuncin da ba alƙali ke yanke shi ba: uba ya rayu yana sane da cewa hannunsa ne ya kai ɗansa kabari.

Abin da ake bukata ba ya neman kuɗi mai yawa. A ba ƴan sanda da jandarmomi na'urar auna giya a numfashi, a tsayar da su a daren ƙarshen mako da lokutan bukukuwa, ba sai da rana wajen duba takardu ba. A sa kasancewar yaro cikin mota ya zama abin ƙara nauyin hukunci, kamar yadda jihar New York ta Amurka ta yi a 2009, inda tuƙi cikin maye da ɗan shekara 15 ko ƙasa da haka ya zama babban laifi. A kuma kare ƙaramin jami'in da ya ƙi sauraron kamun ƙafa, maimakon a aika shi wani ƙauye mai nisa.

Sauran aikin na cikin gida ne. Matar da ta ƙi sa ƴaƴanta cikin motar mijin da ya sha ba ta yi rashin biyayya ba, abokin da ya ƙwace makulli ya tsayar da taksi bai ci mutuncin kowa ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yaron da ya tsira yau daga kujerar baya, gobe shi ne zai kama sitiyari, da irin darasin da ya koya daga ubansa.