A fara da darasi kafin a busa usur a NUGA

Ɗalibin da zai wakilci jami'arsa a gasar wasannin jami'o'in Najeriya, NUGA, idan cinya ta riƙe masa ana gobe wasa, da wuya ya nemi likita. Kemis ɗin bakin ƙofar makaranta zai nufa, ko ya karɓi abin da abokin ɗakinsa ya miƙo masa, wanda ba mamaki tramol ne. A ganinsa maganin ciwo ya sha. Amma tun 1 ga Janairun 2024, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta tramol a lokacin gasa, kuma dokarta ba ta sauraron "ban sani ba". Duk abin da aka gani a fitsarin ɗan wasa, shi zai ɗauki alhakinsa. Don haka nake ganin bai kamata jami'a ta ba ɗalibi rigar wasa ba sai ta zaunar da shi ta karantar da shi wannan doka.

Wasu za su ce mai sha ya san abin da yake yi, darasi ba zai hana shi ba. Akwai irinsu, kuma haramcin shekara 11 da aka yi wa 'yar tseren Najeriya Blessing Okagbare ya nuna inda hanyar take ƙarewa. Sai dai a tuna da Chika Amalaha, wadda aka ƙwace wa zinaren ɗaga nauyi a Glasgow a 2014 tana 'yar shekara 16, bayan an gano haramtaccen magani a jikinta. Yarinya irin wannan, maganar manyan da ke kewaye da ita take bi, kuma ɗaliban jami'a ba su yi mata nisa a shekaru ba. Shi ya sa dole koci da ma'aikacin asibitin makaranta su zauna a ajin tare da 'yan wasan.

Saura batun kuɗi. Gaskiya gwaji na da tsada, domin sai an kai samfurin ɗakin binciken da WADA ta amince da shi a ƙasar waje, amma koyarwa ba ta cin wannan kuɗin. WADA na da darussa kyauta a intanet, kuma jami'o'inmu cike suke da malaman harhaɗa magunguna da za su iya bayyana wa ɗalibi abin da ke cikin maganin mura, da yadda mai asma zai nemi izinin shan maganinsa. A gasar Olamfik ta Tokyo, 'yan Najeriya 10 aka hana fafatawa saboda ba a yi musu adadin gwajin da ake buƙata ba, laifin da na hukumomi ne. Don kauce wa irin wannan sakaci na hukumomi, NUGA na da ikon gindaya wannan darasi a matsayin sharaɗin rajista tun daga gasa mai zuwa.