Tantabara da Tsabar Gero

A Muciya, cikin Sabon Garin Zariya, mai kiwon tantabaru ba ya horar da su da tsumagiya. Fito yake yi, wadda ta sauko ta tarar da gero nan take. Bayan 'yan kwanaki, fito ɗaya kan sauko da su daga kan soro. A shekarun 1940, masanin halayya B. F. Skinner na Amurka ya gwada haka da tantabaru: ladan da ya biyo aiki nan da nan shi ke kafa ɗabi'a, wanda ya makara kuwa tasirinsa kaɗan ne. Abin takaici, malamin da ke ɓoye yabo sai ƙarshen zango, bulala kuwa kullum tana hannunsa, laifi kaɗai yake amsawa a kan lokaci.